Dashin Kan Inna

Mutanen Zakka 'yan tsibiri suke ce mana, kuma ba su yi ƙarya ba. Rafi ɗaya ne ya taho daga yamma, da ya iso kan garinmu sai ya rabu biyu, hannu ɗaya ya bi ta arewa, ɗaya ya bi ta kudu, suka je suka sake haɗuwa a gabas, suka bar mu a tsakiya da gidajenmu da rumbunanmu da matattunmu. Da rani yashi ne zalla, jaki zai ƙetare bai san ya ƙetare rafi ba. Amma da zarar marka ta kankama, to, mun zama mu kaɗai a duniya. Mai son zuwa kasuwar Batsari sai ya tuɓe riga ya naɗa a ka, ya rungumi gora ya faɗa ruwa, in ya isa can a jiƙe a yi ta tambayarsa ko kifaye sun ba shi saƙo. Mukan ɓata rai a fuska, amma a ciki alfahari muke yi, don gani muke duk ƙasar nan ba wanda Allah Ya yi wa ganuwa irin tamu. Yanzu ganuwar ce take cin mu. Abin da ya zaunar da ni ina tuna wannan shi ne, a daminar bana ruwa ya kai ga layin da kabarin mahaifiyata yake, aka yi mini tambaya ɗaya tak a gaban yaran da aka haifa a kan idona, na kasa amsawa. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwan da na sani ina yaro yana da ladabi, ba ya shigowa sai ya yi sallama. Shamuwa ce za ta fara zuwa ta sauka a kan kukar bayan masallaci. Zafi ya matsa har ɗaki ya gagari zama, gabas ta riƙa yin duhu da la'asar tana washewa. Kafin ya sauka an gama sharar gona, an kai taki, an yi wa kowace jinka baibaya. In ya zo kuma a hankali yake zuba, wani lokaci a yini cur ana yayyafi, ƙasa tana sha ba ta ƙwarewa. Rafin ma a hankali yake cika. Mukan kafa kara a bakin ruwa da safe, mu dawo da azahar mu ga ɗan abin da ya hau, mu yi ta gardama a kai kamar wani abin kirki. Kwaɗin arewa su fara kuka, na kudu su amsa musu. Aikinmu mu yara shi ne kiwon awaki, wanda da damina ba wahala tunda ba inda za su gudu, da korar tsuntsu a gero, da ɗebo jan ruwan rafi a tulu a juye a randa a bar shi ya kwanta. Inna, wato mahaifiyata, in ta ji iskar hadari ta kaɗa sai ta leƙo ta ce, "Ku shigo da kaji, baƙo ya iso." Tana da wata irin daka da ko ina bakin rafi nakan gane tata ce, don takan wurga taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Ni ne autanta. Tsakanina da Yaya, 'yarta ta fari, duk waɗanda aka haifa ba su zauna ba, saboda haka mu biyu ne kawai, kuma Yaya ce ta goya ni.

Maƙabartarmu tana kudancin gari, a kan gaɓar rafi. Ban san wanda ya zaɓi wurin ba, amma ko wane ne ya san abin da yake yi, don ya bar mana wata al'ada da ban taɓa gani a wani gari ba. Duk ranar da aka kai mamaci, kafin a watse, namijin da ya fi kusa da shi zai ɗauki reshen dashi ya kafa a bakin gaɓar. Dashi itace ne marar girman kai. Ka sare reshensa ka soka a ƙasa sai ya kama, ba ya neman ban ruwa, ba ya neman lallashi. Yana da ƙaya, yana kuma da wani ƙamshi in an ɓare shi, wanda in ka shaƙa sau ɗaya ba ka mantawa. Shekara da shekaru ana yi har ya zama shinge mai kauri, wani bayan wani, ciyawar jema ta cika gindinsu, saiwoyi suka saƙe gaɓar kamar tabarma. Ruwa zai zo ya daki wurin ya juya. Ba ibada ba ce, ba wanda ya taɓa cewa lada ce ga mamaci. Malamanmu na da sun gani sun bari, har su ma suna kafa wa nasu. Yaron da aka kama ya karya reshe don asuwaki kuwa, duk babban da ya gan shi yana da ikon jan kunnensa, in ya kai ƙara gida a ƙara masa. Ba a rubuta suna a kabari a wurinmu, tudun ƙasar kuma bayan 'yan damuna yakan baje ya yi daidai da sauran. Dashin ne yake tuna wa magidanci cewa yana da wani a can.

Inna ta rasu cikin marka, ina saurayi, gemu bai fito mini ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, rafi ya cika ta kowane hannu, ba hanyar kai ta ko'ina. Mahaifinmu ya riga ta da jimawa. A lokacin layin da ake ciki shi ne na bakin shinge, saboda haka aka haƙa mata dab da gaɓa, kanta yana kudu, wajen ruwa. Ina tsaye aka jera fasassun tukwane a bakin ramin, aka toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura sauran. Ban yi kuka ba, don an ce ba a yi a wurin. Sai na ji an zungure ni. Kawu ne, wan Inna, wani dogon tsoho mai faɗa wanda ko dariya zai yi sai ya fara haɗe rai. Ya miƙo mini reshen dashi.

"Amshi. Kai ne namijinta."

Na ce, "Kawu, kai ka kafa, kai ne babba."

Ya ce, "Ni na kafa ma ubana da uwata. Wagga taka ce. In ban koya maka yau ba, wa za shi kafa mani?"

Na durƙusa na soka shi daidai kan Inna, ya tafi a karkace. Na kai hannu zan gyara, Kawu ya buge hannun.

"Bar shi hakanan. Na kowa a miƙe yake, naka ne kaɗai gurgu, ba ya ɓace maka. Kuma ka yi sa'a, na wasu nesa yake da mutanensu, kai ga naka bisa kanta."

Daga nan ya kama ni ta wuyan riga, ya bi da ni shingen tun daga farkonsa, yana dafa kowane itace yana faɗin mai shi. Wannan na wane ne, ɗansa ya kafa shekarar da fara ta cinye gero. Wannan na matar wane, wadda ta rasu wurin haihuwa, kabarinta yana can ciki. Ya jero na layin Inna ɗaya bayan ɗaya, wa ke damanta, wa ke bayansa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni kuwa maganar ta bayan kunnena take wucewa, idona yana kan gurguna.

Mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu, ko da ko yanzu. Da na koma gida na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakin Inna, idonta ya kumbura. Ba ta tambaye ni wa ya ja salla ko wa ya shiga rami ba. Cewa ta yi, "Auta, ka ga inda aka sa ta?" Na ce na gani, har na kafa dashi, sai dai ya karkace. Ta yi 'yar dariya cikin hawaye, ta ce dama ni ba abin da na taɓa yi a miƙe. Daga ranar abin ya shiga gaisuwarmu. Tana aure a cikin gari, bayan gidanmu kaɗan. Duk Salla in na je gaishe ta, bayan an gama ina gajiya da ina iyali, sai ta rage murya ta ce, "Gurgun na nan?" In ce yana nan, ya yi kauri, ya yi rassa, bana har kurciya ta yi sheƙa a kai. Ita ba ta taɓa ganinsa ba. Da idona take ganin kabarin uwarta, tun tana goyo har ta yi jikoki, kuma ba ta taɓa shakkar idon nan ba.

Ba zan iya cewa ga shekarar da ruwa ya canza hali ba. Kamar tsufa ne, sai dai ka waiwaya ka ga an yi nisa. Shamuwa ta zo ta gaji da jira. A yi shuka ta ƙone, a sake, ta sake ƙonewa, sannan ruwan da ya kamata a raba wa wata guda a juye shi gaba ɗaya tsakanin azahar da la'asar. Rafin da muka sani yana cika a hankali yanzu a tsaye yake zuwa, jajawur, da ƙugi, ɗauke da ledoji da kututture da mushen akuya, in ya wuce kuma bayan kwana biyu yashi ya bushe kamar ba a yi ba. Ba yaron da zai kafa kara a bakinsa yau, uwarsa ma ba za ta bar shi ya je kusa ba. A rediyo sauyin yanayi suke ce masa, suna ta bayani. Mu dai mun ga gonakin gefe suna ƙanƙancewa, mun ga rijiyar arewa da muke ɗiba muna yara ta koma tsakiyar rafi. Duk da haka gefen maƙabarta bai motsa ba, shingen yana riƙe da shi.

Sai shekarun tsoro suka zo, waɗanda duk mutumin ƙasar nan ya san su ba sai na faɗa ba. Daji ya gagari shiga. Shanu suka tafi, kashinsu da ake hura wuta da shi ya tafi tare da su. Gidaje da yawa suka kwashe suka koma Batsari, wasu har Katsina, ba su dawo ba. Mu da muka rage muka ƙone kara har ya ƙare, muka bi itatuwan cikin tsibiri, marke da kanya da duk abin da gatari ya iya. Mace ba za ta ba ɗanta ɗanyen gari ba. Wata magariba ina dawowa daga masallaci na ji ƙamshin nan da na sani yana tashi daga wani gida. Bayan 'yan kwanaki na ji shi daga wani, daga baya ya game gari. Dashi ko icen kirki ba ne, hayaƙi ne da shi, ga saurin cinyewa. Ba wanda ya ga mai sara, ba wanda ya tambaya. Shingen dashi na cikin gidaje, wanda ke suturta mata, ba a taɓa shi ba. Na matattu aka ci, har kututturan aka tone. Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba, kuma ba shi ne yake ba ni kunya ba, don duk wanda ya ji kukan yaro mai yunwa ya san yadda aka yi.

Yaya ma tana da hanci. Sallar shekarar ba ta ce gurgun na nan ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Amma dai ka san wurin?"

Na ce, "Haba Yaya. Ko ido rufe."

Kuma har ga Allah haka na ɗauka. Wurin da na yi shekaru ina tsayawa ina sallama, ta yaya zai ɓace mini? Na ci gaba da zuwa, in tsaya inda ƙafata ta ga dama, in yi addu'a in juyo.

Da abubuwa suka ɗan yi sauƙi, samarin gari suka tashi tsaye. Ɗan Yaya ne a gabansu, wanda yake koyarwa a Islamiyya, kuma yanzu ni yake kira Kawu, tunda Kawun gaske ya daɗe da bin Inna. Suka ce ba za su zauna jiran wani ya ƙetaro rafi ya cece mu ba. Suka farfaɗo da gayya, ba ganga ba kiɗa irin namu na da, amma ana fitowa. Duk safiyar Juma'a a cika tsofaffin buhunan taki da yashi a jera inda ruwa ke duka, a kwaso duwatsu a baro da jakuna, a tono jema daga fadama a dasa layi-layi. Mata suka koyi gina murhun laka mai cin ice kaɗan, suka kuma yarda a riƙa sassaro rassa daga shingen gidajensu ana kafawa a gaɓa. Mai gari ya sa doka, duk akuyar da aka kama tana cin sabon toho sai mai ita ya zo ya kafa wasu da hannunsa a gaban mutane. Ta arewa suka fara, inda gidaje ke neman ruftawa, suka ce maƙabarta sai baɗi, rayayyu tukuna. Ni kuwa ina zaune a inuwa ina ba su labarin yadda ake yi a zamaninmu, ina gyara musu riƙon gatari, ina cewa yaran yanzu ba abin da suka sani sai danna waya. Su ce, "Haka ne, Kawu," su ci gaba da aikinsu. In na tuna irin bakin da na yi a lokacin, shi ya fi ci mini rai.

Ruwa bai jira baɗi ba. Wata la'asar cikin marka hadari ya haɗo, aka zuba kamar da bakin ƙwarya, kafin magariba ya ɗauke. Muna alwala muka ji wani dum daga kudu, irin ƙarar katanga in ta faɗi. Da muka isa, gaɓar ta tsage ta zube. A jikin sabon yankan ana hango gefen tukwane a jere, rami bayan rami, duk na layin bakin shinge. A tsakiyar layin kuma, inda ruwa ya fi ci, akwai gurbi, rabin rami fanko da guntun tukunya yana reto a bakinsa. Mutum ɗaya ruwa ya tafi da shi. Samari suka bi rafi har mahaɗa, har gaba da nan, ba su samu komai ba.

Liman ya ce larura ce, shari'a ta yarda a ɗauke sauran a mayar da su tudu kafin wani ruwan ya zo. Da sassafe maza suka taru da farin yadi da makara. Mutanen wannan layi kusan duk zuriyarsu ta watse, kuma cikin waɗanda suka halarci binne su ni kaɗai na rage a gari. Liman, wanda sa'an ɗana ne, ya ce yana so a san kowa, don a aika wa dangi a Batsari da Darini a faɗa musu inda aka mayar da nasu, a kuma san gidan da za a yi wa jajen wanda ruwa ya ɗauka. Ya juyo gare ni cikin ladabi.

"Baba, kai ne babbanmu. Bismilla, ka nuna mana."

Ɗan Yaya ya matso ya kama mini hannu saboda santsi. "Kawu, mu fara da Kaka. Wane ne nata?"

Na tako gaba da sandata kamar mai abin faɗa. Na nemi inda na saba tsayawa, sai na ga wurin ma babu shi, ya zube. Hanyar da nake bi ta gauce tun da aka tone kututturan, surin da nake bari a hannun dama ruwa ya cinye shi tun bara. Na dubi ramukan, duk iri ɗaya. Na dubi gurbin. Na rufe ido ina neman gurguna, na gan shi sarai, da karkatarsa da sheƙar kurciya, amma da na buɗe ba inda zan ajiye shi. Zai iya zama ramin da ke dama da gurbin, zai iya zama na hagu, zai iya zama gurbin kansa. Ashe duk shekarun nan itacen na sani, ban san wurin ba. Na ji muryar Kawu a kunnena yana dafa itatuwa yana jero sunaye, wa ke damanta, wa ke bayansa, amma ko ɗaya bai zauna a kaina ba.

Jama'a suna tsaye suna jirana. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Yaran nan da na yi ta ce wa ba su san komai ba suka sunkuyar da kai don kada su ga fuskata. Zuciya ta raya mini in nuna kowanne in ce shi ne, wa zai ƙaryata ni? Har na ɗaga sandar. Amma gaban matattu ne, ga Liman tsaye riƙe da likkafani.

Na ce, "Ban sani ba."

Ɗan Yaya ya ce, "Kawu, ka dai ƙara dubawa a hankali, ai ba sauri muke ba."

"Na duba. Wallahi ban sani ba."

Liman ya yi gyaran murya, ya ce Allah Ya san bayinSa, ba Ya buƙatar a nuna Masa, mu fara aiki kafin hadari ya taso. Na san don ya rufa mini asiri ya faɗa, kuma kunya ta ƙara rufe ni da na ga yaro ne yake lallashina.

Suka ce in zauna a inuwa, na ƙi. Ba zan bayyana abin da muka gani ba, haƙƙinsu ne. Duk wanda aka naɗe a sabon yadi sai in sa kafaɗata a makarar, in raka shi tudu, ina cewa a zuciyata, Inna, in ke ce, ga autanki, ki yafe mini. Ba su da nauyi ko kaɗan. Haka na faɗa wa kowannensu, ban san mace ba ban san namiji ba, har muka gama wajen azahar. Samari suka koma gaɓa da buhuna da duwatsu, ni kuma na kama hanyar gidan Yaya, wadda ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba.

Yaya ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras. Na same ta a tabarma a gindin shingenta na dashi. Na yi sallama, na durƙusa kamar yaro. Ta bar ni na gama duk gaisuwar da na iya, har da tambayar ciwon ƙafarta da ruwan jiya.

"Auta, kun ɗauke ta?"

Furfura ta cika mini kai, amma a bakinta har yau auta nake.

Na ce, "Yaya, mun ɗauke duk wanda muka samu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce ɗaya ruwa ya tafi da shi, kuma ban san ko ita ce ba. Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ka ce mani ko ido rufe."

"Na faɗa, Yaya."

"Ni ban taɓa taka wurin ba. Da an bar ni na je sau ɗaya, da ƙafa zan auna tun daga bakin hanya, in riƙe har in mutu."

Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa kamar mai magana da kanta. Da zagina ta yi, ko ta jefe ni da sandarta, da na samu inda zan sa kaina. Ta ce in ɗauko adda a bakin murhu. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta bi shingen da hannu tana laluba, ƙaya tana sokinta ba ta damu ba, har ta kama wani reshe ta ce in sara. Na sara. Ta laluba wani, ta ce shi ma.

Na ce, "Biyu, Yaya?"

"Ɗaya bisa tudu, ɗaya bakin ruwa inda ya ɓalle. Duk inda take, ɗaya ya same ta. Kuma ka tahi da yaron nan ka nuna mashi. Kada ka ƙara riƙe mutum kai kaɗai, ni ma ga ni nan tahe bayan Inna."

Da la'asar muka je da ɗanta. Na kafa ɗaya a kan sabon layin tudu, na gangara na kafa ɗaya tsakanin buhunan yashi, duka a karkace, wannan karon da gangan. Samari suka ajiye aiki suna kallo, wani ya tambayi dalilin karkatarwar, na ba su labarin Kawu, iyakar abin da ya rage a kaina, wanda ba shi da yawa. Tun daga ranar aka dawo da al'adar. Duk wanda aka kai sai an kafa masa, kuma ba a watsewa sai an sa samari sun maimaita sunansa da na maƙwabtansa a layi. Gaɓar kudu ta fara yin kore, ko za ta riƙe sai damina mai zuwa ta faɗa. Ranar gayya yanzu rassa nake ɗaukar musu, bakina a rufe.

Cikin biyun nan ɗaya ya yi toho, ɗaya bai yi ba tukuna. Yaya ba ta tambaye ni wanne ba, ni ma ban faɗa mata ba. Duk Juma'a nakan je in tsaya a tudu in yi sallama, sannan in gangara bakin gaɓa in yi wa ruwa sallama. Ban san wace sallamar ce take isa ga Inna ba.